Tambaya da Amsa: 'Yata ta ce sai tseren keke

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. 'Yata mai shekara 15 ta koyi keke da na yayanta. A wasannin makarantarsu na bana ta yi tsere har ta bar maza a baya, yanzu malamin wasanninsu ya ce mu bari ya kai ta hukumar wasanni ta jiha. Babanta ya yi shiru, kakarta kuwa ta ce keke yana lalata 'ya mace kuma yana hana haihuwa. Ni damuwata matsattsun kayan da nake gani a talabijin. Wai akwai inda wannan abu yake kai mutum, ko ɓata lokaci ne?
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Wasiƙarki ta tuna mini Raleigh ɗin babanmu, wanda nake satar hawa idan ya kwanta ƙailula. Ƙafata ba ta kai feda daga sirdi, sai in zura ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya in riƙa tuƙi a karkace. Ranar da sarƙa ta cafke bakin hijabina, ni da keken muka kwanta a kwata. Har yau tabon yana gwiwata.

Maganar kaka ba doguwa ba ce. Keke ba ya hana haihuwa, mata nawa suka yi tsere suka haihu, wasu ma suka koma fage bayan sun haihu. Tarbiyyar yarinya kuwa ba a kan sirdi take ba. Sai dai kar ki je mata da gardama, Hajiya. Ki tuno mata 'yan matan karkara da ke taka keke zuwa makaranta da niƙa, ba wanda ya ce sun lalace.

Yana kai mutum wani wuri? Yana kaiwa. Ese Ukpeseraye, 'yar jihar Delta, ta ci zinare a gasar Afirka ta tseren titi a Accra a 2023, a 2024 kuma ta je Olamfik ta Faris, ita ce farkon wadda ta wakilci Nijeriya a tseren keke a can. Tseren titin mata na Olamfik ɗin Faris kilomita 158 ne, wato Zariya zuwa Kano har da ɗan ƙari. A 2025 Kim Le Court ta ƙasar Morishiyos ta sa rigar nan mai ruwan ɗorawa ta wadda ke kan gaba a Tour de France na mata, babban tseren keke na ƙasar Faransa, ba a taɓa samun 'yar Afirka da ta sa ta ba. A watan Satumba na shekarar aka yi gasar duniya a Kigali, karo na farko a nahiyarmu, kuma a nan aka fara ware wa 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 23 tserensu daban. Ba a ma bar mata sun yi tseren keke a Olamfik ba sai 1984, saboda haka ƙofar ba ta daɗe da buɗewa ga kowa ba.

Batun sutura yana da sauƙi fiye da yadda kike zato. Masomah Ali Zada, 'yar Afganistan, ta yi tsere a Olamfik ta Tokyo da ɗankwalinta a ƙarƙashin hular kwano, hannu da ƙafa a rufe. Abin da ba zai yiwu ba shi ne zumbulelen hijabi ko zani mai shara, kin dai ji abin da ya same ni. Riga mai dogon hannu da ta sauko cinya, dogon wando mai kama idon sawu, ƙaramin hijabi da za a cusa cikin wuyan riga. Tela mai hankali zai ɗinka.

Inda nake so ki tsaya ki yi nazari shi ne keken kansa da kuma hanya. Keken tsere ba irin na yayanta ba ne. Na manyan gasa bai fi kilo 7 ba, yatsa biyu za su ɗaga shi, kuɗinsa kuwa sai ki riƙe baki. Ese ɗin nan da na ambata, da aka ba ta gurbin tseren da'ira, wanda ake zagaya fili maimakon bin titi, a Faris a ƙurarren lokaci, sai da 'yan Jamus suka ara mata keke. Shi na da'ira daban yake, ba birki, kuma muddin taya na juyawa feda ba ta tsayawa. Filin irin wannan tsere yana Abuja, a babban filin wasa na Moshood Abiola, an gina shi don wasannin Afirka na 2003, can aka yi gasar Afirka a 2022. Daga Zariya ba nan kusa ba ne. Don haka kar ki sayar da awarwaronki tukuna. Ki tambayi malamin: hukumar tana da kekunan atisaye? Wa ke horarwa? Akwai mace a cikinsu? Idan za a tafi Gasar Wasanni ta Ƙasa ko sansanin horo, ina yaran za su kwana, wa zai raka su? In ya fara kame-kame, ki riƙe 'yarki.

Titi kuma shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, ba bakin mutane ba. Yarinya ita kaɗai tsakanin tirela da 'yan Adaidaita, a'a. Atisaye da sassafe bayan asuba, cikin rukuni, da wani a babur yana biye, hular kwano a ɗaure ko da zagayen unguwa ne.

Ajin matasa na gasar duniya daga shekara 17 zuwa 18 yake, tana da shekara biyu ke nan a gabanta, kuma jarrabawar fita sakandare na nan tafe cikinsu. Ki sa mata sharaɗi, maki ya faɗi, keke ya shiga ɗaki. Shi kuma maigida, shirun nan nasa ba ƙi ba ne a ganina. Ranar da za a kai ta hukumar, ki roƙe shi ya kai ta da kansa, ya tsaya bakin fili ya ga yadda take shan kwana.