Amsa: Yadda ake wanke gashin 'yar tsana a warware shi

Wa alaikumus salam 'yar uwa, kan tambayarki ta bebin 'yarki da gashinta ya cukurkuɗe ya yi dauɗa, dan Allah kar ki aske, wannan gashin baya tsirowa kuma yarinya zata yi ta kuka.

Gashin yawancinsu roba ne irin na atach, shiyasa baya son man kitso ko basilin, kina shafawa ƙurar hunturun nan namu na Zariya zata manne ya ƙara damewa. Ki samu ruwa mai ɗumi kaɗan ki ɗiga shamfu ko sabulun ruwa na wanke-wanke, ki kifa kan bebin gashin kawai ya shiga, kina matsawa a hankali banda cuɗawa irin na wanki dan cuɗawar ce ke ƙulla shi. In mai ido ce da ke rufewa ko mai batir ki kiyaye ruwa ya shiga ciki, tsatsa take yi.

Kin ɗauraye sai ki lafta kwandishina ki barshi kamar minti 15, ki raba gida-gida, ki riƙe tushen da yatsa ki fara tajewa daga baki kina hawa sama da kum mai manyan haƙora, nan ne aikin yake wlh sai haƙuri. Ƙaramin kwandishina mai araha ya isa, akwai a kasuwar Sabon Gari ko Samaru.

Draya da abin miƙar da gashi kam a'a, narkewa zai yi. Ki shanya a inuwa, ya bushe ki mata kalba biyu.