Daga ina aka samo kayan Darth Vader?

Ka tambaya ko kayan Darth Vader, mugun fim ɗin Star Wars, ƙirƙira ce zalla. A'a, ɗan'uwa. Dubi hular da kyau, yadda ta baje ta rufe ƙeya: kwalkwalin mayaƙan samurai na Japan ne, aka gauraya da hular ƙarfen sojan Jamus. Ralph McQuarrie ya zana, John Mollo, masanin kakin sojan da, ya haɗa kayan, har ya ci kyautar fina-finai ta Oscar.

'Yan tsanan fim ɗin kuwa, kamfanin kayan wasan yara na Kenner ya makara wajen fitar da su. A Kirsimetin 1977 takardar alkawari kawai yara suka samu, sai 1978 kaya suka iso. Ɗan tsanan Vader na farkon nan, mai takobin da ake zarowa hawa biyu, yau sai mai hali.