Amsa ga mai tambaya kan IP da ke canzawa

Wallahi ɗan'uwa ina ganin tambayarka, wai IP ɗinka, wato lambar adireshinka a intanet, daban a data daban a wifi ɗin shago kuma ka kasa kallon kyamararka daga gida, na ce wannan ai ciwona ne.

Ni wani mai haɗa CCTV ne ya ci min kuɗi, yana ta rantsuwa ko ina Makka zan ga shagona, ya rubuta min lambar IP a bayan rasit ya kama gabansa. Gari na wayewa lamba ta canza. Na kira shi wai layina ne, na sayi wani sim, wai rauta ce, na'urar da ke raba wifi, na canza rauta, ƙarshe ya daina ɗaga waya. Daren da maƙwabci ya kira ni yana jin motsi a ƙofar shagon, ina riƙe da waya tana ta juyi ba hoto, jikina na rawa, har yau in na tuna mutumin nan Allah ya isa kawai nake ja.

Lambar IP ɗin nan aro ce. Wadda ta fara da 192.168 rautarka ce ke raba ta a cikin gida, na waje ba ya ganinta. Ta data kuwa, lambobin IPv4, wato tsohon tsarin IP, kusan biliyan 4.3 ne kacal, tun 2011 babban rumbunsu ya ƙare, shi ya sa kamfanonin waya ke cusa jama'a da yawa a bayan lamba ɗaya, CGNAT kenan. Kashe data ka kunna ma sai ka ga an ba ka wata. Shiga saitin rautar ka duba WAN, wato inda ake nuna lambar da kamfani ya ba ta, in lambar tana tsakanin 100.64 da 100.127 ko ta saɓa da wadda ake nuna maka a intanet, to port forwarding, wato buɗe wa kyamara ƙofa a rauta don ka shigo daga waje, ba zai yi ba, DDNS ma, mai ba ka suna da ke bin lambar in ta canza, asarar lokaci ne. Kuma kar wani ya zuga ka Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan adam, tsarinsu na gida shi ma CGNAT ne.

Masu intanet ɗin faiba, wanda ake ja da kebul, lambarsu takan daɗe ba ta motsa ba, kuma za ka iya neman static, wadda ba ta canzawa, ka riƙa biya. Ni dai na koma manhajar kyamarar, wadda ake sikanin QR, ba ruwanta da canjin lamba. Don Allah ka canza fasawod ɗin da mai haɗawar ya saka maka, kuma ka sa wa rautar batir, in an ɗauke wuta komai tsayawa yake.