Yadda ake gabatar da mai kare haƙƙin ɗan Adam don lambar yabo ta duniya

Ka ce ƙungiyarku na son kai sunan wata lauya mai kare fursunoni kyauta don lambar Nobel ta zaman lafiya, kana tambayar ta ina za ku fara.

Ƙungiya irin taku ba ta da hurumin miƙa suna. Sai irin su ɗan majalisar tarayya, ko minista, ko farfesan jami'a a fannin shari'a, tarihi, falsafa, addini ko kimiyyar zamantakewa, ko wanda ya taɓa cin lambar. Ku nemi ɗaya daga cikinsu ya cike fom a shafin kwamitin Nobel da ke Oslo, babban birnin Norway, kafin 31 ga Janairu ta wuce. Wanda ya makara, galibi sai baɗi. Mutum ba ya gabatar da kansa, kuma ba a bai wa mamaci.

Inda aka fi yin kuskure shi ne cika takarda da kirari. Ku rubuta ƙararrakin da ta tsaya wa, kotu, shekara, da yadda aka ƙare. Kuma kada ku buga fosta cewa "an zaɓe ta". Kwamitin na ɓoye sunaye shekara 50, ba zai gaskata muku ba.

A ganina lambar yabo ta Right Livelihood ta ƙasar Suwidin ta fi dacewa da ku, domin kowa na iya miƙa suna. Ita kuwa lambar Sakharov, wadda Barista Hauwa Ibrahim ta samu a 2005, sai ta hannun 'yan Majalisar Turai.

Ku fara neman yardar lauyar da kuke son gabatarwa. Idan ana mata barazana, ku tuntuɓi lauya ko Front Line Defenders, ƙungiyar da ke kare masu fafutukar haƙƙin ɗan Adam, kafin sunanta ya fita.