Amsa ga ƙanenmu na Gagarawa a kan tambayoyin gyaran sakin layi

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce nahawun Turanci ba ya ba ka wahala, amma da zarar littafin SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, ya tambaye ka jimlar da za a cire ko kalmar da za ta haɗa jimloli biyu, sai duk amsoshin su yi maka kama da daidai. Da na karanta saƙonka, sai na ji kamar ni na rubuta, domin a wannan ramin na faɗa a shekarar 2013.

A wancan lokaci akwai wani sashe na minti 25 mai tambayoyi 35, kuma shida na ƙarshe su ne na gyaran sakin layi. Za a kawo rubutun ɗalibi wanda bai gama nuna ba, a sa wa kowace jimla lamba, a ce ka gyara. Mahaifina ya kai buhun riɗi biyu kasuwar Maigatari domin in biya wani mai koyarwa a birnin Kano, mutumin da har yau idan na tuna shi sai raina ya sosu. Abin da ya koya mana shi ne kada mu ɓata lokaci wajen karanta rubutun, mu tafi kai tsaye kan jimlar da aka ambata, mu zaɓi amsar da ta fi gajarta. Da na tambaye shi dalili, sai ya dube ni a gaban mutane ya ce ɗan ƙauye ba ya jayayya da wanda ya san hanya. Na yi shiru saboda kunya, na kuma bi maganarsa.

Ranar jarrabawa na isa kan tambayoyin nan shida saura minti huɗu, tafin hannuna ya jiƙe har fensir yana zamewa. Tambayar farko ta ce a duba jimla ta bakwai bisa ga abin da ke kewaye da ita, ni kuwa ban karanta ta shida ba balle ta takwas. Na cike gurabe da ka, alhali a tsarin wancan zamani kowane kuskure yana cin rubu'in maki. A motar dawowa ban iya cin ko ƙosai ba, tunanin buhunan nan kawai nake yi.

Sai daga baya, da na fara koyarwa a makarantar garinmu, na gane cewa tambayoyin ba nahawu suke aunawa ba, zaren magana suke bi. Dubi wannan: "Damina ta makara bana. Gero ya yi kyau." Duk manomi ya san "duk da haka" ce za ta shiga tsakani. Idan jimla ta biyu ta koma "gero bai yi ido ba", to "saboda haka" ake bukata. Don haka ka rufe zaɓuɓɓukan da hannu, ka karanta jimlar gaba da ta baya, ka faɗa wa kanka da Hausa ko saɓani ne, ko sakamako, ko misali, ko ƙari, sannan ka nemo however ko therefore ɗin da ya dace. Haka batun cire jimla: tana iya zama gaskiya tsantsa, nahawunta lafiya lau, amma idan ana maganar gero ita kuma ta kawo farashin taki, bare ce a wurin. Kalmomi irin su this da they kuma, kullum ka tambayi abin da suke nunawa, domin su ne ke tona inda jimla ta bar mazauninta.

Sai dai ka duba shekarar littafinka, domin ina zargin tsoho ne irin wanda ake kwafa ana sayarwa. An sauya jarrabawar a 2016, aka daina cire maki kan kuskure, zaɓi ya koma huɗu maimakon biyar. Daga 2023 kuma mu da ba a Amurka muke ba, a kwamfuta muke yi, sashen karatu da rubutu yana da tambayoyi 54 cikin minti 64, kowace da ɗan gajeren rubutunta. Kalmomin haɗi suna nan daram, an kuma ƙara wata tambaya da za a ba ka bayanan da ɗalibi ya tara, a faɗi manufarsa, ka zaɓi jimlar da ta cika wannan manufar. A nan ka fara karanta manufar kafin bayanan.

Manhajar Bluebook ta College Board, hukumar da ke shirya jarrabawar, tana da gwajin kyauta, amma ba ta aiki a waya, sai ka ari kwamfuta idan ka shiga Gumel ko Dutse. Darussan shafin koyarwa na Khan Academy kuwa wayarka ta isa. Idan wani ya ce ka kawo kuɗi ya koya maka amsawa ba tare da karantawa ba, ka turo mini tambayoyi biyar da suka kayar da kai, mu warware su tare bayan sallar isha'i.