Tayil ɗin bangon shawa ya tsage, mai gida yace a lallaɓa tukunna

Toh yarona, naga saƙonka. Kace tayil biyu ne a bangon shawa, ɗaya ya tsage ɗayan kuma yana motsi, mai gidan yace ba kuɗin babban gyara sai bayan sallah, shine kake tambaya ko ka kwaɓa farin siminti ka shafe ka kama gabanka. A'a, kar ma ka fara. Farin siminti baya kama fuskar tayil saboda santsinta, siririn tsagi kuma ba shiga ciki zai yi ba, sati biyu ya ɓare sai kiran waya ya biyo baya da sunana a ciki.

Irin wannan gyaran na wucin gadi aikinsa ɗaya ne, hana ruwa shiga bayan tayil, kyau ba yanzu ba. Saboda haka ruwan zaka fara bi. Zagaya ɗakin da ke bayan bangon ka duba, in fenti ya kumbura ko kaga wani farin gari na fitowa daga filasta to ruwa ya daɗe yana shiga. Sai ka goge wajen tas, ka roƙe su kar kowa yayi wanka a ciki har gobe, da safe ka dawo. In ka tarar tsagin ya jiƙe alhali ba wanda ya buɗe shawa, da alama fayif ne ke yoyo a cikin bango, yawanci wajen haɗi. Wannan ba namu bane, a kira fulamba. In ka toshe ta gaba kawai ruwan zai nemi hanya ta baya ne, sai sauran tayil ɗin su biyo sahu ɗaya bayan ɗaya.

In ko wajen ya bushe, Alhamdulillahi, ɗauki ƙotar sukudireba ka bi tayil ɗin da maƙwabtansa kana ƙwanƙwasawa a hankali. Wanda ya kama da kyau ƙararsa a cike take, wanda ya saki sai kaji kamar kana buga gwangwanin da ba komai. Mafi yawa laifin wanda ya sa ne tun farko, ya ɗiga siminti dunƙule huɗu ko biyar a baya ya manna don tsimin kaya, ko bai jiƙa tayil ɗin ba ya zuƙe ruwan simintin. Duk wanda yayi wannan ƙarar sa masa alama da selotef, mai gida ya gani da idonsa.

Wanda ya tsage amma yana nan daram, bar shi a wajensa. Wanke sabulu da dattin da ke kai, domin silikon, gam ɗin nan mai kamar roba da ke tare ruwa, baya kama wajen da ke da sabulu ko danshi, ka bari ya bushe sosai, da hunturu nan da nan ne amma da damina sai ka kunna masa fanka ka ba shi lokaci. Manna selotef na takarda gefe da gefen tsagin, matsa silikon irin na banɗaki, ka bi da yatsa kana danna shi ciki, sannan ka cire selotef ɗin tun bai fara ƙafewa ba. Awa 24 ba ruwa, ka jaddada wa matan gidan ba wai mai gidan kaɗai ba, su ne a gida. In gefe ne ya ɓalle ya bar ɗan rami, gam mai haɗi biyu irin Araldite ya fi. Sufa gulu kam rabu da shi, bushewa yake yayi ƙarau, bango na ɗan motsi ya sake buɗewa.

Mai motsin nan shine aikin. Fara kankare fila, wato abun da ake cike tsakanin tayil da tayil da shi, wadda ke zagaye da shi ta ko'ina kafin ka taɓa shi, in ba haka ba garin ciro ɗaya sai ka fasa uku. In ya fito lafiya kayi sa'a, kankare tsohon simintin daga bayansa da jikin bango, a bar ramin ya sha iska, sai ka mayar da gam ɗin tayil ka cike bayan gaba ɗaya. In sai an fasa, daga tsakiya ake farawa ana zuwa gefe, da ƙaramin cizil, ka sa gilashi a ido don Allah, ɓarɓashin tayil kaifi gare shi. Kuma ka tuna fayif yawanci miƙe yake tafiya daga famfo zuwa kan shawa, in akwai hita ga waya ma a wajen, kashe wutar tukunna kar kaje kana dukan bango da ƙarfi.

Samun irinsa kuwa sai dai a dace. Tambaye su ko akwai ragowar kwali a sito, in babu ka ɗauki guntu ka shiga kasuwa, ko da kala ta ɗan saɓa in dai girman ɗaya ne, misali santimita 25 da 40, sa shi haka, na ɗan lokaci ne ai.

Akwai kuma inda zaka ciro tayil ka tarar filastar ta ruɓe tana zubowa da yatsa. Nan ba abun da zai kama, kar ka ɓata gam. Samo leda mai kauri ka rufe wajen ta wuce ramin sosai, ka manne sama da gefe biyu, ƙasan ka barshi a sake don danshi ya samu hanyar fita, su koma wanka da bokiti nesa da bangon. Ba kyan gani amma bulo zai huta.

Kafin ka karɓi ko sisi ka faɗa wa mai gidan a fili cewa lallaɓawa ce, ka ɗauki hoto kafin da bayan aiki. Kuma silikon ɗin kar ka zabga da yawa, ranar babban gyara sai an kankare shi kaf saboda siminti baya kamawa a kan silikon, kuma ƙila kai ɗin za a sake turawa. Gobe ka biyo ta shago ka ɗauki bindigar silikon, in ka ciro tayil ɗin turo min hoton bangon kafin ka mayar.