Lainbaka da na fi so a tarihin Penn State

Ka tambaya wane lainbaka ne ya fi burge ni a ƙwallon Amurka ta jami'ar Penn State, wato 'yan tsaron nan da ke tsayawa bayan layin gaba. Tambayar da wuya, ɗan'uwa, don makarantar ta yi suna wajen ƙyanƙyashe su.

Ni dai Shane Conlan na ɗauka. A Fiesta Bowl, babban wasan ƙarshen kaka na jami'o'i, na Janairun 1987, sau biyu yana cafke jifan Vinny Testaverde, mai jefa ƙwallo na jami'ar Miami, na biyun ne ya share hanyar cin da ya ba Penn State nasara 14 da 10, da kambun ƙasa.

LaVar Arrington, mai lamba 11, shi ne na kallo. A 1998 ya yi tsalle ta saman layin Illinois kacokan, ya dira kan mai ɗauke da ƙwallo kafin ya taka ko'ina. Har yau ina maimaita bidiyon.

Dattawa za su ce Jack Ham, wanda ya ci Super Bowl, wato kofin gasar ƙwararru ta NFL, sau huɗu da ƙungiyar Steelers, kuma ba na musu da su. Paul Posluszny ma ya ci kyautar Bednarik, ta gwarzon ɗan tsaro a jami'o'i, a 2005 da 2006.